Ka Zo Ka Kwance Rantsuwar Isiyaku, Damina Tana Wucewa

Zuwa ga Mai Girma Shugaban kamfanin hayar tarakta mai reshe a Dutse.

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina fata Ranka ya daɗe yana cikin ƙoshin lafiya, da iyali, da motoci, da duk masu cin abinci a ƙarƙashinka. Mu ma nan lafiya lau, ruwa yana ta sauka, sai dai wasunmu daga bakin ƙofa muke kallonsa.

Sunana Malam Haladu, tsohon malamin firamare, yanzu manomi a wani ƙauye cikin ƙasar Buji, kuma ɗaya daga cikin waɗanda suka shiga tsarin huɗa na kamfaninka. Ban so mu gaisa a shafin jarida ba. Na fara rubuta maka wasiƙa ta hannun reshenku, aka ce duk takardar da za ta tafi babban ofis a Kano sai kwamfuta ta ba ta lamba, ita kuwa kwamfutar ita ce ƙarar da na kawo. Wayar ofishin ta daɗe da mutuwa. Na ce zuwa da kai ya fi saƙo, na shiga mota har Kano, aka ce ka tafi Abuja, daga can kuma ba a san inda za ka nufa ba. To, tunda an ce kana karanta jarida da shayin safe, ga ni a cikin shayin.

Na farko, maganar shanuna. Shekarun baya ma'aikatanka sun zo garinmu da lasifika, suka ce zamanin bin wutsiyar sa ya wuce, wanda duk ya shiga tsarinku tarakta za ta zo har gona ta yi masa huɗa kafin hantsi ya dubi ludayi. Na sayar da bijimaina biyu na shiga. Gaskiya ɗaya ce, daminar farko da ta biyu tarakta ta zo a kan kari, kunyoyin suka miƙe sambal, har maƙwabta suna tsayawa kallo. Ba na cikin masu cin tuwo su fasa akushi, saboda haka na rubuta wannan kafin in shiga sauran.

Na biyu, ranar da aka kawo kwamfuta. An gayyace ni a matsayin wakilin manoma, na sa babbar rigata ta Juma'a. Aka ce mu cire takalma a bakin ƙofa, muka cire. Ni dai a iya sanina masallaci da gaban surukai ake cire wa takalmi, ranar na ƙaru da na uku. Muka tarar da ita a ɗaki mai sanyi, an lulluɓe ta da ƙyalle mai aikin sirfani, ma'aikatan da ke waje kuwa suna fifita da kwali. Wani masani da aka ɗauko daga Legas ya yi bayanin tsarin da aka zuba mata, wanda kuka raɗa wa suna Taska. Ya ce a ciki akwai sunan kowane manomi da faɗin gonarsa da ranar da layi zai zo kansa, da ciwon kowace tarakta da makanikin da ya san maganinta, da inda ake samun kayan gyara, har da yadda ake amsa wasiƙa. Sai ka miƙe, Ranka ya daɗe, ka ce daga yau sanin kamfani ya daina zama a kan mutum ɗaya, ko wani ya mutu ko ya bar aiki, sanin yana nan daram. Muka tafa har tafin hannu ya yi zafi. Aka loda tsofaffin fayiloli a bayan a-kori-kura aka nufi Kano da su, aka kuma kafa doka cewa ba taraktar da za ta fita daga ƙofa sai da takardar da kwamfuta ta buga.

Na uku, rantsuwa, wadda ita ce uwar maganar. Taskar ba ta buɗewa sai an rubuta mata kalmar sirri. Lokacin ba a daɗe da shigowar shari'a ba, kowa yana ɗokin nuna cewa shi ma mai riƙon amana ne, kai kuma ba ka yarda a bar ka a baya ba. Ka kira ma'aikacin da aka ɗauka don kula da kwamfutar, Malam Isiyaku, ɗan wani malami mai makarantar allo a Takur. Ka sa ya zaɓi kalmar shi kaɗai, ka sa ya yo alwala, ka sa aka miƙa masa Alƙur'ani. A gabanmu ya rantse ba zai faɗi kalmar ba, ba zai rubuta ta ba, ba zai nuna ta da yatsa ga wani mahaluki ba, ko da Manajan reshe ne, sai ranar da kai da bakinka ka kwance shi. Muka yi kabbara. Ba a fi shan lemo ɗaya ba tsakanin jawabinka na raba sani da mutum ɗaya da lokacin da ka tattara sanin kamfani kaf ka zuba a kan mutum ɗaya, ka ɗaure bakin da igiyar da ba mai iya tsinkewa. Duk cikinmu ba wanda ya lura, har mutumin Legas, wanda hankalinsa yana kan naman kaza.

Na huɗu, abin da ya biyo baya. Ana gab da saukar ruwan bana, Isiyaku ya hau acaɓa zai je gaisuwar mutuwa Kiyawa, jaki ya tsallako titi, suka yi karo. Jakin ya tashi ya kaɗe jikinsa ya tafi. Isiyaku kuwa hannu biyu da ƙafa ɗaya suka karye, yanzu yana kwance a gidan wani maɗori a Kiyawa, an ɗaure shi da kara, ko cokali sai an ba shi a baki. Tun daga wannan rana kwamfutar take tambayar kalmarta, ba mai amsawa. Taraktoci suna jere a harabar ofis lafiyarsu ƙalau, ciyawa ta fara fitowa a ƙarƙashinsu. Direbobi suna gindin maina suna dara. Janareta kuwa bai huta ba, don an ce kada baiwar Allah ta ji zafi, yana shan man da ya kamata a ce yana juya ƙasa a gonata. Wannan shi ne ga ƙoshi ga kwanan yunwa.

Na biyar, kada ka ce ba mu yi ƙoƙari ba. Manaja ya zauna yana cankar kalmar. Ya gwada sunan mahaifiyar Isiyaku, da na matarsa, da na unguwarsu, har kwamfutar ta yi fushi ta daina karɓar komai na wani lokaci. Muka ce a ɗauko Isiyaku a mota, a sa masa fensir a baki ya danna, mu kuma mu juya baya. Maɗori ya ce duk wanda ya ɗora masa majinyaci a kan ramukan hanyar nan, ya zo ya ƙarasa ɗorin da kansa. Muka ce to a kai masa kwamfutar. Manaja ya ce in ta bar ɗakin sanyi ba ya da tabbacin za ta farfaɗo, gidan maɗori kuma ko fitilar lantarki babu. Muka ce a buɗe ƙofa kawai taraktoci su fita, ai direbobi sun san hanyar gonakinmu tun kafin a haifi kwamfutar. Ya ce shi mai iyali ne, doka daga Kano ta zo, in ya karya ta wa zai ciyar masa da 'ya'ya?

Daga nan muka tafi Takur wajen mahaifin Isiyaku. Malam ya ce rantsuwa tana da kaffara, a ciyar da miskinai goma. Muka dawo da murna muka gaya wa Manaja, ya ce madalla, amma fitar da ko ƙwayar hatsi da sunan kamfani sai da takarda, takarda kuma sai kwamfuta. A nan ne na ji dariya ta kama ni a tsaye, irin wadda ba ta da daɗi. Na koma gida, da yardar Isiyaku na ɗebi dawa a rumbuna, uwargida ta tuƙa tuwo da miyar kuka, aka ciyar da mutum goma har suka yi gyatsa. Neman miskinan ma bai ba ni wahala ba, a cikin masu jiran taraktarka na samu rabinsu.

Kashegari na tafi Kiyawa da biro da takarda a aljihu. Isiyaku ya gan ni ya fara hawaye, ba shi da hannun sharewa. Ya ce, "Baba Malam, wallahi na san halin da kuke ciki, ko barci ba na iya yi. Amma kaffara tsakanina da Ubangijina ce. Amanar kuwa Alhaji ne ya ɗora mini a gaban jama'a, ya ce sai shi zai sauke. In na buɗe baki yau, gobe wa zai ba ni ajiyar allura?" Na koma wajen mahaifinsa ko zai lallashe shi, Malam ya ce shi kaffara aka tambaye shi ya amsa, ba a tambaye shi amana ba, kuma yaron bai yi kuskure ba. Ban ji haushin Isiyaku ba. Ka nemi mutumin da ba ya cin amana, Allah ya ba ka shi, mu kuma ya jarrabe mu da shi.

Yanzu ga inda nake. Gero na samu na binne da sungumi tun kafin ruwa, amma gero kaɗai ba ya kai gidana ko'ina. Babbar gonar, ta dawa da gyaɗa, tana nan ba a taɓa ta ba, ciyawa ta kai gwiwa. Masu shanu ba za su ba da haya ba sai sun gama nasu, kuma da gaskiyarsu. Maƙwabcina ya gama noman firi yana shirin maimai, in mun haɗu a masallaci sai ya tambaye ni lafiyar kwamfuta. In wannan wata ya fita ba a yi huɗar ba, ko taraktocinka duka suka zo a jere suna busa ƙaho, sai dai su yi mini gaisuwa.

Saboda haka ina roƙon abu uku. Ka zo Kiyawa da kanka, ka tsaya a kan Isiyaku ka ce ka kwance shi. Magana ce da ba ta kai tsawon sallama ba, kuma da ma ziyarar mara lafiya tana kanka, tunda ma'aikacinka ne. Kafin ka iso, ka aiko wa Manaja izini ya buɗe ƙofa taraktoci su shiga gona. In kuma an buɗe Taskar, a sanar da mutum biyu ko uku kalmar, a hana su hawa acaɓa ɗaya.

Na yi ta zolaya a wasiƙar nan, Ranka ya daɗe, don in ban yi zolaya ba abin da zai fito daga bakina ba zai bugu a jarida ba. Amma tsoro nake ji. Ranar da na shiga rumbu ɗibar dawar kaffara, ƙwaryar ta kankari ƙasa. Tunda na gina rumbun nan ban taɓa jin wannan ƙara ba. Uwargida tana tsaye a ƙasa tana jiran in miƙo mata, na kuma san ta ji. Tun daga ranar na lura tuwon dare ya fara ƙanƙancewa, kuma nata ne ya fi ƙanƙanta.

Allah ya ƙara maka lafiya da arziki, ya kai ka inda wannan jarida za ta same ka da wuri. Allah ya tashi kafaɗun Isiyaku. Allah kuma ya sa har ka koma gare shi kada iyalinka su ji ƙarar da nawa suka ji.

Wassalam.

Naka mai jiran huɗa,
Malam Haladu, daga ƙasar Buji.