Garejin da Ya Ƙi Ƙarewa

Litinin, 6 ga Oktoba

Na ɗaga tampol na duba motar. Tsatsa ta fara cin ƙasan ƙofar baya, ɓera kuma ya yi gida a cikin bonet. Kunya ta kama ni. Ni da na ƙare ƙuruciyata ina gyaran motocin kamfani, tawa ce ke ruɓewa a tsakar gida. Tun rasuwar uwar yaran nan ban tayar da ita ba.

Zan gina mata gareji a jikin katanga, da rami a ciki yadda zan shiga ƙarƙashinta a tsaye. Gwiwa ba ta yarda da kwanciya a ƙasa yanzu.

Auta ta kira. Da na gaya mata sai ta ce, "Baba, gareji kuma? Ka taho wurinmu kawai, ga ɗaki nan." Na ce mata ina da aiki. Muryarta kaɗai na ji yau.

Laraba, 8 ga Oktoba

Ina cikin awon fili sai ga kan Rediyo ta saman katanga. "Injiniya, me ake shukawa?" Na ce ba komai. Ya ce ya zagayo ya riƙe mini bakin tef? Na ce dutse ya riƙe.

Maƙwabcina ne, tsohon ma'aikacin gidan waya. Marigayiya ce ta sa masa Rediyo, don in ya buɗe baki babu wurin kashewa. Ita tana iya tsayawa ta saurare shi har tana dariya. Ni kam kaina ba zai ɗauka ba. Gaisuwa ce tsakaninmu, ita ma a taƙaice.

Asabar, 11 ga Oktoba

Magini ya zo da leburorinsa biyu. Gajere ne, mai gardamar tsiya. Na nuna masa zanen da na yi a bayan kwali, ya juya shi sama ya juya shi ƙasa, ya ce, "Baba, wannan gareji ne ko asibitin mota?" Na ce ka gina abin da ka gani. Sun haƙa harsashi kafin la'asar.

Na sauko da babbar butar shayi daga saman kabad. Sai da na wanke ta sau biyu.

Talata, 14 ga Oktoba

Gidan ya cika da hayaniya. Shebur, baro, Dogo, ɗaya daga cikin leburorin, yana waƙa da muryar da ba ta da daɗi ko kaɗan, ɗan'uwansa yana cewa don Allah a biya shi kuɗin kunne. Suna musun ƙwallo. Ban san komai a kan ƙwallo ba, amma na shiga na ɗauki ɓangare.

Da suka tafi na zauna a kan bulo har inuwa ta rufe ramin. Ban so shiga ciki ba.

Juma'a, 17 ga Oktoba

Ba aiki yau. Na shayar da bulo ruwa, na sake shayar da shi.

Talata, 21 ga Oktoba

Gini ya kai linta. Sauri suke yi kamar ana korarsu! Magini ya ce in Allah ya yarda ƙarshen wata ya miƙa mini makulli. Gabana ya faɗi, ban san dalili ba.

To, na san dalili. In sun gama, wa zai riƙa buga ƙofar nan da safe?

Na ce masa bakin garejin ya yi ƙunci, a faɗaɗa. Ya auna motar a gabana, ya ce ko ƙaramar bas za ta shiga. Na ce ni ne mai gida. Ya cire hula ya sosa kai, ya ce, "Dogo, kawo guduma."

Asabar, 25 ga Oktoba

An faɗaɗa. Ya yi kyau, kodayake na farkon ma ba laifi.

Rediyo ya leƙo yana ba magini labarin wani gini da ya rushe a garin surukansa. Magini ya biye masa, aiki ya tsaya cak. Na yi gyaran murya har sau uku kafin ya sauka daga kan abin da yake takawa. Dogo ya ce, "Baba, ai mutumin kirki ne." Na ce ban ce ba na kirki ba ne.

Laraba, 29 ga Oktoba

Matakalar ramin. Na ce a mayar da ita ɗaya gefen, saboda in mota ta shigo da gaba za ta toshe mini hanyar fita. Wannan kam gaskiya ce, kowane makanike zai faɗa. Sai dai tun ranar da suka fara ta na gani, na yi shiru har siminti ya kama.

Allah ya yafe mini.

Lahadi, 2 ga Nuwamba

Auta ta ce in turo hoto. Na tura. Ta ce, "Baba, kofuna nawa ke nan a kan bulo?" Na ce na ma'aikata ne. Ta ce ta ji daɗi ina cin abinci da mutane. Wa ya ce mata ina ci da su? Zama kawai nake yi kusa.

Laraba, 5 ga Nuwamba

Kafinta ya buga kwano, mai walda ya kafa ƙofa. Na ce ina son taga ta fuskar gabas. An fasa bango an sa taga. Na ce kantar ajiye kayan aiki ta yi sama, hannuna ba ya kaiwa. An sauke. Nan gaba zan yi maganar daɓen, akwai wurin da ruwa zai iya kwanciya.

Asabar, 8 ga Nuwamba

Ban ji daɗin yau ba.

Na fara maganar daɓen ke nan, magini ya ɗebo ruwa a bokiti ya sheƙa a ƙasa. Muka tsaya muna kallo, ruwan ya gangara ya fice ta magudana, ko ɗigo bai tsaya ba. Ya sallami leburori su je su wanke kaya, sannan ya rage murya.

"Baba, garejin nan ya ƙare tun ranar Laraba. Ni ba na ƙin zuwa, shayinka ma ya fi na gidana. Amma akwai mai jirana da iyalinsa a ɗakin da ba rufi. Kuma in na ci gaba da fasa abin da ba shi da aibu, na cuce ka."

Na ce wa ya riƙe ka? Hanya a buɗe take. Haka na faɗa, da tsawa ma. Bai yi fushi ba, abin da ya fi ƙona mini rai ke nan. Ya kira su Dogo suka turo motar ciki, ta hau kan ramin daidai. Ya ba ni makulli da hannu biyu. Dogo ya ce zai riƙa leƙowa. Na san irin wannan leƙowar.

Litinin, 10 ga Nuwamba

Shiru. Har ƙarar firji nake ji daga tsakar gida.

Na dafa shayi a babbar butar, mantuwa. Na zubar da sauran a gindin katanga.

Alhamis, 13 ga Nuwamba

Aiki dai. Na juye baƙin mai, na canja fulogi, na wanke kafireto, na haɗa wayoyin da ɓera ya ci. Ramin ya yi yadda nake so, haske na shigowa ta tagar, sifanu na jere a kan kanta. Babu abin da zan ce. Gareji ne na nuna wa tsara, sai dai ba wanda zan nuna wa.

Da na murɗa makulli ta yi tari, ta yi tari, ta tashi. Na juya gefen kujerar da marigayiya take zama zan ce kin ji? Na kashe injin na fito.

Asabar, 15 ga Nuwamba

Birki ya nutse har ƙasa. Na canja robobi da bututun da ya tsage, saura fitar da iska. Nan gizo ke saƙar. Aikin mutum biyu ne: ɗaya a kujera yana taka birki, ɗaya a ƙasa yana kwance ɗan noti yana ɗaurewa. A kamfani ko juyawa ba na yi, "wane, hau ka taka" kawai nake cewa. A gida kuwa ita ce ke taka mini, tana mita wai na mayar da ita ƙaren mota.

Na tokare birkin da katako a jikin kujera. Kafin in sauka rami ya zame. Na sake, ya sake. Na uku ya faɗo ya bugi ƙaurina. Na zagi katako, na zagi motar, na zauna a matakala ina haki.

Kaɗaici ya ishe ni. Ga shi na rubuta, tunda ba mai karantawa.

Talata, 18 ga Nuwamba

Na je bakin katanga na dawo. Na ji Rediyo yana magana a ciki, na ce yana da baƙi.

Laraba, 19 ga Nuwamba

Ba baƙi ba ne. Da kajinsa yake hira. Na hau bulo na leƙa, na same shi tsugune yana yi wa zakara faɗa a kan rashin kunya. Na ce, "Maƙwabci, kana da ƙafa?" Ya dubi ƙafafunsa ya ce jiya dai biyu ya kwana da su.

Ya zagayo da sauri har takalminsa a juye. Bai taɓa tuƙi ba, sai da na nuna masa birkin, na tsakiya. Na shiga rami. Na ce taka, taka, taka, riƙe! Ya riƙe, ya fara labarin wani manajansu mai tsoron lifta, ya saki. Na ce wa ya ce ka saki? Ya ce labarin ne ya zo gangara. Muka koma farko. Iskar da na fitar ta koma, man birki ya tsarto mini a ido, na ce wallahi katako ya fi ka! Ya ce amma katako bai san ƙarshen labarin ba.

Dariya ta kuɓuce mini a cikin ramin. Ina fata bai ji ba.

Ƙafafun motar biyu muka gama. Yana wanke hannu, hannun da bai taɓa komai ba, ya ce tun da matarsa ta koma wurin babban ɗansu jinya, sai ya wuni bai ji an amsa masa ba. Na ce uhm. Ban san ba ta nan ba. Katanga ɗaya.

Asabar, 22 ga Nuwamba

Mun gama sauran biyun. Birki ya tsaya ƙyam, ko rabin hanya ba ya kaiwa. Na fito da ita na zagaya layi, shi a gaba ya riƙe bel da hannu biyu yana gaishe da duk wanda muka wuce. Manajan nan ashe a lifta ya haɗu da matar da ya aura. Labarin ba laifi.

Da na rufe gareji ya tsaya yana jan ƙafa. Ya ce, "Injiniya, gobe akwai sauran abin takawa?"

Kuloci na nan, zan iya cewa shi ma yana da iska. Har maganar ta zo bakina. Na ce babu, aiki ya ƙare, motar lafiyarta ƙalau. Ya ce to madalla, ya juya.

Na ce amma ka zo.

Ya ce da wane aikin? Na ce ba aiki, ka zo kawai, kuma kada ka zo mini da zakaran nan.

Surutunsa dai yana nan, ban ce na daina jin ciwon kai ba. Sukari ya kusa ƙarewa, shi kuma cokali uku yake zubawa. Gobe sai na fita da wuri in sayo.