Ruwan Zogalar Kyalla

Zuwa ga mahaifiyata, Inna, Allah shi jiƙan ki.

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa irin ta ɗiya ga uwa, na zo da wata magana da ta tsaya mini a rai, kan amanar da kinka bar mini.

Damina biyu ke nan da rasuwarki. Kina kwance a ɗakinki na Tursa, kinka ce in ɗauki akuyarki Kyalla in taho da ita Achida. Kinka riƙe hannuna kinka ce, “Kada ki hana ta ruwan zogala.” Nic ce to, gaban shaidu.

Kin san yadda muke yi tun ina ƙarama. A tafasa zogala sai ta yi laushi, a tsiyaye ruwan a kwatanniya a ba akuya, mu mu yi kwaɗo da ganyen.

To, watan jiya jiri ya kai ni asibiti Wurno. Malamar asibitin tac ce jinina ya yi ƙasa, tat tambaye ni yadda nike dafa ganye. Da nig gaya mata, sai tar riƙe baki. Wai amfanin duk cikin ruwan yake tafiya. In riƙa turarawa a madambaci, kamar dambu.

Inna, a mota nit tuna. Tun tasowata ba a taɓa ganin ramammar akuya gidanmu ba. Gashi na sheƙi, tagwaye duk shekara. Mu kuwa, kin dai san wuyanmu. Ashe shekara arba'in su muke dafa ma abinci, mu muna cin tsaki.

Na turara. Ganyen ya fito kore shar, jirin ma ya fara sauƙi. Sai dai turare ba shi barin ruwan kirki. Kyalla ta leƙa kwatanniya, taɗ ɗago tad dube ni. Wallahi irin kallonki ne idan na cika gishiri. Kwana uku tana kuka bakin madafi, na kasa haɗiye loma. Mi zan ce miki ranar gamuwa?

Sai nik koma ɗora tukunya biyu. Ta turare tawa, ta tafasa tata. Amma ganyen da anka tsiyaye fa? Zubarwa almubazzaranci ne, ita kuma ruwan kawai take so. Surukinki Malam, da haƙoransa sunka ragu, dama ya ce turararren na ba shi aiki. Shi nike kwaɗanta ma wancan.

Sati guda ina haka, zuciyata ba ta kwanta ba. Nid durƙusa nig gaya mishi gaskiya, cewa ragowar akuya yake ci. Sai yac ce, “Shekara ashirin da bakwai da aurenmu ina cin ragowar awaki, yau za ki raba mu?”

Don haka amanarki na nan, Inna. Ɗiyarki ta yi jini, akuyarki ba ta rame ba. Kawai idan na ɗauko madambacinki, wanda gefensa ya ɓalle, sai in ji kamar za ki leƙo ki ce na cika wuta.

Allah shi haskaka kabarinki, shi shayar da ke daga tafkin Alkausara, ke da ba ki taɓa barin ko dabba da ƙishirwa ba. Amin.

Ɗiyarki mai kewarki,
Saratu.