Rigar Ba Lan

Assalamu alaikum Inna,

Bayan gaisuwa mai yawa da addu'a, ina fata Allah ya yalwata miki makwancinki. Shekara uku ke nan da rasuwarki, amma har yau in abu ya same ni, ke nake fara son gaya wa.

Har yanzu ina shagon ɗinkin nan na garin Wheaton a nan ƙasar waje, wurin tsohuwar nan 'yar Vietnam da nake ba ki labari a waya, Ba Lan. Kin tuna kin ce, "To ke Uwani, da wane yare kuke faɗa?" Da guntun Turanci muke yi, sauran kuma da harara.

Akwai abin da ban taɓa gaya miki ba saboda kunya. Watana na farko ta ba ni ɗinkin rigarsu ta ado, ao dai. Doguwa ce har ƙasa, mai tsayayyen wuya, an tsage ta gefe biyu daga ƙugu, ana sa ta a kan wandon siliki mai faɗi. Na duba awon da ta rubuta, na ce a raina wannan ai ɗaure mutum ne. Sai na yi yadda kika koya mini a soron gidanmu a Fagge, kina taka kekenki kina cewa, "Ki bar wa jiki wuri, jiki ba katako ba ne." Na saki hammata, na saki ƙirji, na ƙara yatsa uku a ƙugu. Har ina jiran yabo.

Inna, da mai rigar ta gwada, sai ka ce an rataya buhu a ƙofa. Na ce wa Ba Lan haka mamata ta koya mini. Ta ɗauki reza ta farke aikin kwana uku a gabana, zare bayan zare. Ranar a motar haya na yi kukana har gida.

Daga baya na gane. Ita wannan riga ta mutum ɗaya ce tak, ba a aro, ba a gado sai an gyara. Har wuya sai an auna. Amma ita kanta tsohuwar ba ta sa ta sai ranar sabuwar shekararsu ko biki. Kullum tana cikin 'yar rigarta ta gida, ao ba ba, ruwan ƙasa, mai maɓallai a gaba da aljihu biyu cike da alli da alewar citta. Ga wata malafar ganye mai tsini rataye a bango, wadda ba ta sawa sai za ta duba 'yan kayan lambunta a bayan shago. In ta sunkuya a cikinta, wallahi ke nake gani kina tsince zogale.

Bana ciwo ya kama ta. Ta rame, rigar gidan ma tana yawo a jikinta. 'Ya'yanta suna nesa, jikokinta ko yarenta ba sa ji sosai, kamar dai yaranmu na nan. Yawancin yini daga ni sai ita sai ƙarar keke.

Makon jiya ta ciro wani siliki shuɗi daga ƙasan akwati ta ajiye a gabana. Ta ce ao dai take so, ta ƙarshe, wadda za a sa mata in ta tafi, saboda al'adarsu ke nan. Na ɗauko ma'auni. Sai ta riƙe min hannu ta ce, "Wannan ki yi irin ta mamanki, mai yalwa. Ba ni zan sa da kaina ba, kada su sha wahala wajen sa mini."

Na shiga bayan gida na kunna famfo don kada ta ji ni.

Kin san abin da ke cina. Ranar da kika tafi ina nan, takarduna na zama ba su ba ni damar zuwa ba. Ni da kika koya wa riƙe almakashi, ba ni na yanka miki likkafani ba, ban zuba miki ruwa ba. Maƙwabta suka yi. Ban taɓa yafe wa kaina ba, kuma ba wanda zan gaya wa a garin nan ya gane.

Jiya na gama rigar. Na saki hammata, na saki ƙirji, na ƙara yatsa uku a ƙugu. Ta juya ta ciki da waje, ta bi kowane ɗinki da farce kamar yadda ta saba, ina tsaye ina jiran reza. Sai ta ninke ta, ta ɗora a cinya, ta ce in gaya miki kin iya ɗinki.

To ga shi na gaya miki.

Allah ya jiƙan ki, Inna, ya sa kin huta, ya saka wa hannayen da suka suturta ki da alheri. Ita kuma Allah ya sassauta mata, ya sa ina kusa ranar da za a nemi wanda zai ɓalla mata maɓallan rigar nan.

Taki har kullum,
Uwani