Cokali Biyu a Kurudu

Yaya Binta,

Ina gaisuwa. Ya jikin Inna, ya yara da maigidan?

Na shiga ajin Turanci, amma har yanzu ina rikita yadda ake faɗin aikin da ake cikin yi da wanda aka saba kullum. Malamar ta ce mu riƙa gwadawa da mutanen gida. Ni wa gare ni a Kurudu? Sai in yi tambaya da muryarki, in amsa da tawa.

Jiya maƙwabciyata Maman Grace ta kawo shinkafa da cokali biyu, ta ce, "Na ji kin yi baƙuwa." Na yi godiya kawai. Duka cokulan na wanke na mayar.

Ki gaida kowa, a sa ni a addu'a. Ki kira ni, muryar taki ta fara ɓace mini.

Ƙanwarki,
Rabi