Motar Kaka Ta Sha Laka

Assalamu alaikum Yaya Sani,

Ya aiki, ya iyali? Ina fatan kowa lafiya. Mu nan Kura alhamdulillahi, sai jikin Baba.

Na gama ƙera 'yar ƙaramar motar sojan nan ta hoton marigayi Kaka, mai taya a gaba, sarƙa irin ta tankar yaƙi a baya. Na yi mata fenti tana ƙyalli. Baba ya jujjuya ta ya ce, "Wannan ba ta je ko'ina ba."

Sai na ɗebo lakar gonar shinkafa na shafe sarƙar, na kankare fentin ƙofar da wuƙa. Ya daɗe riƙe da ita, sannan ya ce, "Yanzu ta dawo gida. Saura Sani."

Ka sa shi a addu'a. A gaida yara.

Ƙaninka,
Auwalu