Tarin Yayana da Kuke Bayarwa Gyara

Zuwa ga Shugaban masu cajin waya da tura waƙoƙi na bakin kasuwarmu, Yawuri.

Assalamu alaikum, ranka ya daɗe. Ina gaisuwa, da fatan kana lafiya kai da iyali. Sunana Nasiru, ƙanen Bala mai tuwo na bakin ruwa, wanda ya rasu bayan Babbar Sallah. Karatuna bai yi nisa ba, a yi haƙuri da rubutun. Sai da aka yi sadakar arba'in, na ƙara jira, sannan na ɗauki biro.

Na ɗaya. Akwai wani barkwanci da mutanenka ke turawa a waya, na ɗan daudu mai ƙanjamau. Ba zan maimaita shi ba. Tsoho ne, tun ina ƙarami na ji ana yin sa a kan wani wanzami, daga baya aka mayar da shi kan wani tela. Sunan kawai ake sauyawa. Duk namijin da ya rame, ko muryarsa ta cika laushi, ko yake riƙe ludayi, ya isa.

Na biyu. Wannan karon an sa murya. Wani ya ajiye waya ƙarƙashin bencin rumfar Bala, ya ɗauki tarinsa da kiran da yake yi wa masu saukowa daga jirgi, aka ɗora magana da dariya a kai. Tarin nan na gaske ne. Tarin fuka likita ya ce, kuma yana da magani. Sauran abin da ake faɗa a kansa ban sani ba, ban kuma tambaye shi ba. Yayana ne, shi ya ciyar da ni.

Na uku. Na lura da yadda ya yaɗu. Ba wanda ke zuwa neman sa. Mutum ya kawo waya a sa masa waƙa ko wa'azi, sai a ƙara masa da shi gyara, kamar mai tumatir. Ranar kasuwa ɗaya ya shiga jirgi ya kai Wara. Wani direba ya ce ya ji shi a Shanga.

Aka daina cin tuwon Bala. Sannan ya daina zuwa karɓar magani, don a layin asibitin ma sai da aka kunna shi a bayansa. Na roƙe shi har na gaji.

Na huɗu, kuma shi ya sa ni rubutu. Bayan rasuwarsa, Inna ta ba da wayarta a sa mata wa'azi. Tana tsintar shinkafa wa'azin ya ƙare, sai tarin Bala ya biyo. Ta ajiye faifai, ta ɗebo ruwa a moɗa, ta nufi ɗakinsa. A bakin ƙofa ta tsaya.

Na so in goge, ta hana. Ba mu da wata muryarsa sai wannan. Takan kunna, ta yi sauri ta kashe kafin dariyar ta fara, ba kullum take cin nasara ba.

Roƙona biyu ne. A cire shi daga kowace kwamfuta da ke ƙarƙashinka, a daina ba da shi gyara. Sannan wanda ya ɗauka, ba na neman sunansa, ba kuma zan kai ƙara ba. In yana da na asalin, wanda ba a ɗora dariya a kai ba, ya ba ka, ka aiko mini in sa wa Inna.

Allah ya ƙara maka lafiya, ya rufa maka asiri kai da zuriyarka.

Wassalam.
Nasiru, ƙanen Bala.