Salbiyar Babanku

Auta,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kina lafiya, da maigidan da yara. Mu dai ga mu nan, sai godiya.

Maganar ƙaurarmu zuwa wurinku, don Babanku ya kusanci asibiti, har yanzu tana nan inda kika bar ta. Ni na ɗaure kaya tuni, na kwance, na sake ɗaurewa. Zama ya gagare ni, ɗaki ɗaya sai in share shi in dawo in kuma sharewa. Shi kuwa gogan naku ya kafe, wai ba inda za shi ya bar salbiyarsa, fulawar nan mai dogayen furanni shuɗaye da ta cika bakin katanga. Numfashi yana yi masa wuya, amma kullum yana tsugune yana tsinke busassun furanni, ƙudan zuma na yawo a kansa. Na ce a tono ta mu tafi da ita. Ya kalle ni kamar na ce a yanka ta, ya ce tsohuwar salbiya ba ta jure ƙaura.

Ina jin tsoro, Auta. Ki yi masa magana da kanki, taki yake ji.

Innarki.

Auta,

Ina gaisuwa, da fatan zazzaɓin ƙaramin ya sauka.

Jiya na nemi gwangwanayen madarata na rasa. Ashe suna bayan gida a jere, an huda gindinsu, an cika da yashi. Babanku na zaune da almakashi yana yanko ɗanyun rassa, yana zage ganyen ƙasa, yana sokawa ɗaya bayan ɗaya. Bai ko ɗago kai ba, ya ce in sun yi saiwa sai mu kama hanya, kuma ki duba ko barandarku tana samun rana, don inuwa ba ta yi mata.

Ya kamata in yi murna, ko? To, ɗaki na shiga na yi kuka. A gidan nan na haife ku duka. Muddin yana ƙi, ina da bakin mita, hankalina kwance ba za mu tafi ba. Yanzu ya yarda, ni ce ƙafata ta yi nauyi.

Kada ki gaya masa. Ki aiko da motar in lokaci ya yi, ko na ce miki a ɗaga, kada ki saurare ni.

Ki gaida kowa da kowa.

Innarki.